Sofia da Safiyya suna ɗaya ne?

'Yar'uwa kin ce mijinki na son a sa wa jaririya Sofia wai ai Safiyya ce aka turance, to gaskiya ba haka bane, kama kawai suka yi a baki. Sofia daga yaren Girka ya fito, ma'anarsa hikima, shi ne ma sunan da ke jikin Hagia Sophia, tsohon wurin ibada na Istanbul da aka gama ginawa a shekarar 537. Safiyya kuwa Larabci ne tsantsa, tsarkakakkiya ko zaɓaɓɓiya, kuma sunan matar Annabi (SAW) ne Safiyya bint Huyayy, da gwaggonsa ma 'yar Abdul Muɗɗalib. In sunan da aka turance ne, Yasmin ce dai zan ce miki eh ita ce Jasmine, fure ne mai ƙamshi, asalin kalmar daga Farisa. Ni 'yar ƙanwata Sofia aka raɗa mata, ranar suna kakarta ta kasa faɗa ta ce Safiya, yanzu shekararta 4 kaf gidan ba mai kiranta Sofia sai a takardar makaranta. In nice ke Safiyyar zan sa kawai in huta.