Na koma rawar bale bayan shekara 22, diddige ya hana ni sakat

Assalamu alaikum masu karatu. Wannan makon saƙonni uku na ware, duk a kan abu ɗaya suke, wato manya da suka koma rawar bale, rawar nan ta Turawa da ake yi da ɗage, bayan dogon lokaci ƙafa ta ce ba ta san zancen ba. Na farkon ya fi tsawo dan haka shi zan fi daɗewa a kai.

TAMBAYA: Anti barka da aiki. Shekarata 38, yarana uku, ina zaune a Manchester. Na yi bale tun ina shekara 7 har 16, har na fara hawa takalmin tsini, mai taurin bakin nan da ake tsayawa a kan yatsu da shi, kafin na bari. Wata biyu da suka wuce na samu wani aji na mata zalla na shiga, sau biyu a sati, wallahi ranar farko da na dafa sandar nan da ake riƙewa a aji sai da na yi hawaye dan daɗi. Matsalar ita ce yanzu in na tashi sallar asuba ba na iya taka diddigen dama, kamar na taka ƙusa, sai na ɗingisa har banɗaki sannan ya ɗan saki. Kuma na tono tsohon takalmin tsinina a akwati, ina so na koma kansa kafin ƙarshen shekara. Me kike gani?

AMSA: Ƙanwata sannu, kuma na taya ki murna, komawar nan abu ne mai kyau kar ki bari ciwon nan ya sa ki ajiye. Amma tsohon takalmin nan dan Allah ki mayar da shi akwati. Takalmin tsini da yadi da takarda da gam ake yin bakinsa, shekara 22 gam ɗin ya gama mutuwa ba zai riƙe ki ba, ga shi ƙafar da aka auna wa shi ba ita ce da ke yanzu ba. Goyon ciki yana sassauta jijiyoyi, kwarin tafin ƙafa ya ɗan sauka, ƙafar ta ƙara tsawo da faɗi, shi ya sa mata da yawa lambar takalminsu ke canzawa bayan haihuwa kuma ba ta komawa.

Abin da kika kwatanta, zafin diddige a takun farko na safe wanda ke lafawa in an ɗan yi tafiya, ya yi kama sosai da ciwon wata jijiya mai faɗi da ta shimfiɗu a tafin ƙafa tun daga diddige har gindin yatsu. Ban ga ƙafarki ba, dan haka ki je wajen likitanku ko fisiyo, wato masu gashin ƙashi na asibiti, su tabbatar, in ya wuce sati biyu. Dalilin da ya sa yake kama masu komawa irinki kuwa shi ne ƙwaƙwalwarki ba ta manta komai ba. Malama na cewa tandu (miƙe ƙafa a ƙasa) ko piliye (lanƙwasa gwiwa) jikinki zai tafi da kansa kamar jiya kika bari, sai ki yi motsin 'yar shekara 16 da ƙafar da ta shekara 22 tana cikin silifas da takalmin ofis. Tsoka tana saurin farfaɗowa, sati kaɗan za ki ji ƙarfi ya dawo, amma agara da jijiyoyi da ƙashi su watanni suke ɗauka kafin su saba da sabon nauyi. A wannan tazarar ake jin ciwo, kina jin ƙarfi kina ƙara tsalle, su kuma ba su iso ba tukuna.

Ƙafa ɗaya ƙashi 26 ne da gaɓa 33, kuma in kika yi ɗage duk nauyinki kansu yake komawa. Abin da ke ɗaga ki sama kuma ba yatsu ba ne, sha-raɓa ce ta hanyar agara. Dan haka in da atisaye ɗaya tak za ki ɗauka daga amsar nan to wannan ne. Ki cire takalmi ki tsaya gaban bango, ki ɗora kan yatsun hannu a jikinsa dan kar ki faɗi kawai ba dan ki jingina ba, ki ɗage ƙafa ɗaya ki tsaya a kan ɗayar, gwiwa a miƙe. Ki hau ɗage a hankali har ƙarshe, ki sauko a hankali har diddige ya taɓa ƙasa. Ki riƙa kallon idon sawunki, ya tsaya saitin yatsa ta biyu, in ya fara karkata wajen ƙaramar yatsa ko kika ga yatsun sun dunƙule suna kama ƙasa kamar ƙafar kaza, ko tsayin ya fara raguwa, to lissafi ya tsaya nan. Ki rubuta adadin, dama daban hagu daban.

A kamfanin bale na ƙasar Ostireliya, shugabar masu fisiyo ɗinsu a lokacin, Sue Mayes, da abokan aikinta sun lura cewa 'yan rawar da ba sa iya yin wannan sau 25 a ƙafa ɗaya sun fi kukan ciwon idon sawu, sai aka saka atisayen cikin ajinsu na kullum, raunin idon sawu da na sha-raɓa ya ragu. Ina yawan ba mutane wannan labarin saboda waɗannan ƙwararru ne da rawa ce sana'arsu, amma abin da ya taimake su abu ne da ba ya buƙatar ko kwabo. Yawancin matan da na gwada a ranar farko ba sa wuce goma masu kyau, wasu biyar ma da ƙyar, kar hakan ya karya miki gwiwa. In ƙafa ɗaya ta gagara ki fara da biyu. Ki yi yau ki huta gobe, ki riƙa ƙarawa kaɗan kaɗan. Saboda diddigen naki, ki naɗe ƙaramin tawul ki sa ƙarƙashin yatsun yadda za su ɗan ɗaga sama lokacin da kike hawa, hakan yana sa jijiyar tafin ƙafar ita ma ta ɗau nauyin ta yi ƙwari.

Sai ƙananan tsokokin cikin tafin. Kina zaune kina kallo ko kina tsinke alayyahu, ki ajiye ƙafa a ƙasa ki ɗaga babbar yatsa ita kaɗai sauran huɗun suna ƙasa, sannan ki juya, huɗun sama babbar a ƙasa. Ranar farko za ki ga kamar yatsun ba naki ba ne, za ki kalle su ki ba su umarni su ƙi, ki ci gaba, cikin makonni za su fara ji. Da safe kuma kafin ki sauko daga gado ki kama yatsun ki ja su baya wajen ƙauri na ɗan lokaci, takun farkon zai zo da sauƙi. Robar ruwa mai ƙanƙara ki mirgina a tafin da yamma tana rage raɗaɗi, duk da ba ita ke warkarwa ba. Kar ki yi yawo ba takalmi a kan daɓe mai tauri a wannan tsakanin, kuma silifas ɗin nan shafal ki ba shi hutu.

Aji kuwa ki ci gaba da zuwa, ki yi aikin sanda, ki faɗa wa malamarku za ki zauna lokacin tsalle na 'yan makonni. Ba abin kunya ba ne. Ciwon nan yana da naci, yakan ɗau watanni, amma mafi yawan mutane suna warkewa ba tare da allura ko tiyata ba.

Wani abu da ba na so na tsallake tunda a Ingila kike: bitamin D. Baƙar fata, ga sutura, ga ƙasar da rana ba ta da ƙarfi daga Oktoba zuwa Maris. Hukumar lafiyarsu NHS tana ba masu duhun fata da masu rufe yawancin jiki shawarar shan maikirogiram 10 kullum duk shekara. Ƙarancinsa yana raunana ƙashi, kuma tsagewar ƙashin bayan ƙafa, musamman na layin yatsa ta biyu, sananniyar matsala ce wajen 'yan bale. In kika ji zafi a wuri ɗaya tak a bayan ƙafa wanda za ki iya nunawa da yatsa ɗaya, yana ƙaruwa in kin taka, ga ɗan kumburi, to ki tsaya cak ki je asibiti. Hoton ƙashi na farko sau da yawa ba ya nuna irin wannan tsagewar, in ya fito lafiya kuma zafin bai tafi ba ki koma.

Maganar tsini kafin ƙarshen shekara, gaskiya ban goyi baya ba. Ko yara, shawarar masana lafiyar 'yan rawa ita ce sai a shekara ta huɗu ta koyo kuma ana zuwa aji aƙalla sau biyu a sati. Ke kina da tushe, ba sai kin jira haka ba, amma ni zan so ki cika shekara guda kina aji a jere, diddige ya warke sarai, kin kai 25 ɗin nan a kowace ƙafa, sannan malamarku ta duba ta yarda. Ranar da ta zo ki je shago a auna ki da kyau kar ki saya a intanet. Kuma yanzu akwai kalar fatarmu, tun 2018 kamfanin takalmin rawa na Freed of London tare da ƙungiyar 'yan rawa ta Ballet Black suka fitar da masu ruwan ƙasa, ba sai kin zauna kina shafa wa takalmi hoda ba kamar yadda baƙaƙen 'yan rawa suka daɗe suna yi.

TAMBAYA: Anti ni a Abuja nake, shekarata 29, na yi bale a firamare. Yanzu a falo nake bin darasi ta YouTube. Bayan idon sawuna ta ciki yana min zafi in na miƙe ƙafa, wani lokaci babbar yatsa har ƙas take yi kamar ta maƙale. Ina sa ƙafa ƙarƙashin kujera ina dannawa dan ta ƙara lanƙwasa, ko shi ne?

AMSA: 'Yar uwa ki daina sa ƙafar nan ƙarƙashin kujera daga yau. Lanƙwasar bayan ƙafa yawancinta ƙirar ƙashi ce da Allah Ya yi wa kowa, dannawa da ƙarfi matse bayan idon sawu kawai yake yi ya kuma sassauta jijiyoyin da ke riƙe gaɓar. Wurin da kika nuna nan ne agarar da ke lanƙwasa babbar yatsa take bi, tana fitowa daga sha-raɓa ta zagaya bayan idon sawu ta ciki ta wani siririn kwararo har ta kai yatsar. In ta kumbura sai ta riƙa maƙalewa a kwararon, shi ne ƙas ɗin da kike ji, kuma saboda yawan kama masu bale har ciwon 'yan rawa ake ce masa. Wannan na fisiyo ne ko likitan ƙashi, kar a kai wa mai ɗori ya murza, ba targaɗe ba ne.

Ina zargin abu biyu. Falonki tayil ne ko siminti, ɗakin bale na gaskiya kuwa daɓensa katako ne mai ɗan lotsawa da ke shanye nauyin dira. Kar ki yi tsalle a tayil ko kaɗan, kafet a kai ma bai canza komai ba. Na biyu, mai koyo ita kaɗai ba mai gyara mata takan buɗe ƙafafu waje da ƙarfin tsiya dan su yi kama da na bidiyo, alhali buɗewar daga ƙugu take fitowa. In ƙugu bai kai ba sai ƙafar ta kife ciki, kwarin tafin ya kwanta, agarar nan ta sha wahala. Ki jingina wayarki a ƙasa ki ɗauki kanki kina piliye, ki duba, gwiwa ta tafi saitin yatsa ta biyu. In gwiwa na gaba yatsu na gefe ki rage buɗewar har su daidaita, ko da kin ga ta yi kaɗan.

TAMBAYA: Ni shekarata 57, ina Landan, jikata ce ta ja ni ajin manya. Ina da ciwon suga, ga faso ga kanta a ƙarƙashin yatsu, in kankare da reza?

AMSA: Hajiya ina gaisuwa, Allah Ya ƙara lafiya. A'a, reza kam kar ta kusanci ƙafarki. Suga yana rage jin zafi a ƙafa kuma yana sa ciwo ya ƙi warkewa, yanka kaɗan zai iya zama gyambo ba ki sani ba. Ki nemi a haɗa ki da likitan ƙafa shi zai rage kantar, ki kuma faɗa masa kin fara rawa dan ya gwada jin ƙafar. Kullum kika dawo daga aji ki cire safa ki duba tafin da tsakanin yatsu, da madubi in sunkuyo na wahala, ko jikar taki ta duba miki, bororo ko ja ko tsaga duk ki kai asibiti da wuri. Man kaɗe ko basilin a diddige da dare, amma ban da tsakanin yatsu, nan ɗin so ake ya bushe, bayan alwala ki tsane shi da tawul saboda cin ruwa. Farce ki yanke shi a miƙe kar ki bi kwana. Takalmin yadin kuma kar ya matse, ki laluba cikinsa da hannu kafin ki sa ko akwai ɗinki ko igiyar da za ta goge ki.

In ajin da kike ya yi miki sauri, ki tambaya ko akwai Silver Swans kusa da ku, tsari ne na cibiyar koyar da rawa ta Royal Academy of Dance da aka yi shi musamman dan masu shekara 55 zuwa sama, a hankali ake tafiya kuma malamansu an horar da su a kan jikin manya. Atisayen ɗagen da na faɗa wa ƙanwarmu ta Manchester ke ma ki yi, amma da ƙafa biyu, kina dafe da bayan kujera, ki fara da takwas.