Amsa: Wace na'urar rarraba sauti huɗu ce ta dace da ƙaramin kuɗi?

Malam, ka tambayi wace tsohuwar na'urar rarraba sauti zuwa lasifika huɗu za ka saya ba tare da ta cinye maka aljihu ba. Kafin batun farashi, ka duba tambarin da ke jikin faya-fayanka, domin tsarin SQ (wata hanyar ɗora sauti huɗu a kan faifai) na kamfanin CBS, wanda ya fito a 1971, ya bambanta da QS na Sansui, kuma na'urar ɗaya ba ta fitar da sautin ɗayan yadda ya kamata. Idan yawancinsu SQ ne, Sony SQD-2020 ko Lafayette SQ-W za su wadatar da kai, kuma ba su kai tsadar masu tsarin Tate (fasahar da ke ƙara tantance sautin SQ) ba. A ganina ka ƙyale CD-4 (wani tsarin daban na ɗora sauti huɗu a kan faifai) tukuna, saboda yana buƙatar na'urarsa daban da allura ta musamman irin ta Shibata.

Abin da ya fi damuna shi ne wuta. Kayan Amurka na aiki da volt 120, na Japan da 100, tamu kuwa 230 ce, saboda haka sai da tiransifoma mai rage ƙarfinta. Kafin ka jona, ka kai wa ƙwararren mai gyaran rediyo a nan Jos ya duba kapasitocin na'urar (ƙananan kayan da ke riƙe wuta a cikinta), domin sun kai shekara 50.