Kilina ya ƙi tafiyar gefe, ko in canza masa linzami?

Tambaya: Salam Malam, daga Garwa ta Kamaru nake. Ina da doki kili ɗan shekara 5, so nake kafin fantaziyar babbar sallah (wasan hawan dawaki) ya iya tafiyar gefe, ƙafa tana gitta ƙafa, amma da na matsa masa sai ya ja da baya yana kaɗa kai, jiya har jini na gani a kumfar bakinsa. Wani ya ce in sayo linzami mai zobe da kaimi mai tsini. In saya?

Amsa: Wa alaikassalam. Ɗan'uwa kar ka saya, riƙe sefarka. Wallahi maganar nan ta ishe ni, duk bargar da na shiga daga Garwa har Marwa sai an samu wani gwani da bai taɓa buɗe bakin doki ya leƙa ba yana cewa ai ƙarfe ke karya doki. To kai ka leƙa. Inda linzami ke zama, tsakanin haƙoran gaba da turame, babu haƙori, 'yar fata ce kawai a kan ƙashi, shi kuma mai zoben in ka fizga, harshen ƙarfen ya daki ganda, zoben ya matse haɓa, dokin ya rasa inda zai sa kansa sai ya miƙe tsaye, kuma irin wannan miƙewar ce ke kifo doki ta baya a kan mahayi da sirdi da komai. Wai yana rawa! Gudun zafi yake. Dabbar da ƙuda ke sauka a jikinta ta girgiza fata, ita ce sai an soka mata tsini kafin ta ji?

Tafiyar gefe daga ƙafafun baya take, hannu ba ruwansa sai dai ya hana shi zarcewa gaba. Fara a ƙasa da ragama, danna yatsa kaɗan bayan majayi (ɗaurin sirdi na ciki), yana gusar da ƙafa ɗaya ka saki nan take, sakin nan shi ne karatun. In ya gane ta hagu da dama sai ka hau, ka fuskanci katanga, dunduniya ba kaimi a daidai wurin nan, taku ɗaya, saki, shafa wuya. Minti 10 ya isa.

Amma tukuna cire linzamin gaba ɗaya sai bakin ya warke, likitan dabbobi ya duba haƙoransa ko akwai mai kaifi da ke yankar kumatu. In bai iya ba kafin sallar, hau shi haka nan, ka bar tafiyar gefen sai baɗi.