Tambaya da Amsa: Me ya haɗa tsibiri da tsibiri alhali teku ya raba su?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni malamin labarin ƙasa ne a sakandare. Nakan ji a labarai cewa ƙananan ƙasashen tsibirai sun yi taro kan kula da gaɓar teku. Abin da ya ɗaure mini kai, tunda ruwa ya kewaye kowace, me zai hana kowa ya gyara bakin ruwansa shi kaɗai? Anya tarukan nan ba yawon cin alawus ba ne kawai?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Akwai tarukan da shayi da takarda ne kawai ribarsu, wannan ba na musu. Amma ruwan da kake gani ya raba su, shi ne hanyar da masifa ke bi ta iske su, kuma shi ne rumbun arzikinsu.

Fara da dokar teku ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta 1982. Ta ba kowace ƙasa mai gaɓa ikon dukiyar ruwa har nisan mil 200 na teku. Ƙasar Kiribati da ke Tekun Pasifik, busasshiyar ƙasarta murabba'in kilomita 811 ce kacal, amma ruwan da ke ƙarƙashin ikonta ya haura murabba'in kilomita miliyan 3. Da wane jirgin sintiri za ta tsare wannan? Ga shi kifin tuna ba ya zama wuri ɗaya, yau yana ruwanta, gobe yana ruwan maƙwabta.

Nan ne misalin da ya fi burge ni. Shekara da shekaru manyan jiragen kamun kifi na ƙasashen waje suna ciniki da kowane tsibiri shi kaɗai. In wannan ya tsauwala kuɗin lasisi, sai su ce za su koma wurin wancan, dole ya sauko. A 1982 wasu ƙasashen yankin suka ƙulla Yarjejeniyar Nauru, yau su takwas ne: Kiribati, Nauru, Tubalu, Palau, Maikronesiya, Tsibiran Mashal, Tsibiran Solomon da Papuwa Niyu Gini. Daga 2007 suka koma sayar da kwanaki. Sukan ƙayyade adadin kwanakin da za a yi kamu a ruwansu duka a shekara, su raba a tsakaninsu, su sa farashin da ba mai sauka ƙasa da shi. Tun 2015 kwana ɗaya ba ya gaza dala 8,000. Kowane babban jirgin taru kuma sai ya ɗauki ɗan sa ido da ke rubuta abin da aka kama. Kuɗin da suke samu a shekara ya tashi daga kimanin dala miliyan 60 a 2010 zuwa wajen miliyan 500. Kusan rabin nau'in tunar da aka fi sa wa a gwangwani a duniya daga ruwansu yake fitowa, amma sai da suka haɗa baki sannan suka ci moriyarsa. A Kiribati kuɗin nan ne kaso mafi tsoka na kuɗin shigar gwamnati, har da abin da za a gina katangar tare igiyar ruwa.

Sai ɓangaren masifa. Ran 25 ga Yuli 2020 wani katafaren jirgin dakon kaya, Wakashio, ya hau kan duwatsun murjani a kudu maso gabashin Morishus, wata ƙasar tsibiri a Tekun Indiya. Bayan kwanaki ya fara yoyo, kimanin tan 1,000 na mai ya malala. Mutanen tsibirin suka fito suna cusa busasshen ganyen rake da gashin kai a buhuna, suna ɗinkewa, suna jerawa a kan ruwa don tare man. Wannan ya nuna zuciya, ya kuma nuna rashin kayan aiki. Agajin farko ya zo ne daga Reyuniyon, tsibirin Faransa da ke kusa. Ba kowane ƙaramin tsibiri ne zai iya ajiye injunan kwashe mai yana jiran haɗarin da ƙila sai bayan shekaru ashirin ba. Su biyar ko shida in sun haɗu za su iya. Hausawa sun ce in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

A yankin Karibiyan kuwa, tun 2011 wata ciyawar teku mai suna sagasum ke tururuwa daga tsakiyar Atlantika tana jibgewa a gaɓa. In ta ruɓe sai wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai, ta toshe wa masunta hanya, ta shaƙe injin kwale-kwale, masu yawon buɗe ido su gudu. Ba tsibirin da ya shuka ta, ba kuma wanda zai hana ta zuwa. Abin da ke taimakawa shi ne hoton tauraron ɗan'adam da ake rabawa, a san inda ta nufa kafin ta iso. A ganina har yanzu haɗin kan nasu a nan bai kai ya kawo ba, kowa na kwashe tasa da abin da ya samu.

Wani abin da ke kawo tarnaƙi, ba duka tsibiran ne ke da 'yancin kai ba. Matinik da Gwadalup na Faransa ne, suna zaune a tsakiyar tsibirai masu 'yancin kai, amma sai a 2015 da 2019 suka shiga Ƙungiyar Ƙasashen Gabashin Karibiyan a matsayin abokan tafiya.

In kana son gane taron gaske, Malam, ka koya wa ɗalibanka su tambayi abu uku: me aka amince a ƙirga, wa zai sa ido, me zai sami wanda ya saɓa. Yarjejeniyar Nauru tana da amsar duka ukun. Haka Morishus da Seshel, wata ƙasar tsibirai a Tekun Indiya, da suka sa hannu a 2012 kan mallakar wani yankin ƙarƙashin teku mai faɗin kusan murabba'in kilomita 400,000 tare, maimakon su tafi kotu.