Tambaya da Amsa: Wane Zamani na Spider-Man Masoya Suka Fi So?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni ɗalibi ne a Zariya, kuma ta fina-finai kawai na san Spider-Man. Kwanan nan na ji cewa tushen labarinsa mujallar labarin zane ce da ta shafe fiye da shekara 60 tana fitowa a Amurka, kuma masoyanta sun daɗe suna jayayya a kan zamanin da ya fi armashi. Don Allah Malam, wane zamani suka fi so, kuma daga ina ya dace in fara karantawa?

AMSA: Wa alaikumus salam. Ka sani tun farko cewa masoyan wannan mujalla sun fi danganta zamani da marubuci da mai zanen da suka riƙe ta a lokacin, ba da shekarun kalanda ba. Kamfanin Marvel ne ke buga ta, kuma jarumin ya fara bayyana a shekarar 1962 a hannun marubuci Stan Lee da mai zane Steve Ditko, sannan ya sami mujallarsa ta kansa, The Amazing Spider-Man, a 1963.

Idan ra'ayina kake nema, shekaru goma sha ɗayan farko, daga 1962 zuwa 1973, su ne gaba da kowane zamani, kuma tsofaffin masu karatu da yawa suna tare da ni a kan haka. Dalilina shi ne a wancan lokaci rayuwar Peter Parker, wato matashin da ke sanye da rigar Spider-Man, tana tafiya kamar ta kowane ɗan Adam. Maraya ne da baffansa Ben da matarsa May suka rena, ba shi da kuɗi, yana sayar wa jarida hotuna don ya taimaka wa gida, kuma nadamar sakacin da ya jawo kisan baffansa ba ta taɓa sakinsa ba. Ya gama sakandare a 1965, ya shiga jami'a, ya yi abokai, ya yi soyayya, kuma duk abin da ya same shi yana barin tabo a labaran da suka biyo baya.

Masoyan Ditko sukan kafa hujja da fitowa ta 33, ta 1966. A can an nuna Peter danne a ƙarƙashin tarin ƙarafa masu nauyi a maɓoyar abokin gabarsa Doctor Octopus, ruwa yana ɗiga daga rufi yana taruwa, ga kuma maganin da zai ceci ran May ajiye a gabansa amma hannunsa bai kai ba. Ditko ya ɗauki shafuka da dama a kan wannan yunƙuri guda, yana ƙara girman hoton a duk lokacin da yaron ya ƙara ɗagowa, har hoton ƙarshe ya cinye shafi sukutum. Daga fitowa ta 39 John Romita ya karɓi zanen, ya ƙawata fuskoki, ya ba soyayya fili, kuma a hannunsa aka fara ganin fuskar Mary Jane, wadda daga baya ta zama matar Peter. Wannan zamani ya rufe da fitowa ta 121 a 1973, lokacin da Gerry Conway ya rubuta mutuwar Gwen Stacy, budurwar Peter. Babban abokin gabarsa Green Goblin ya wurgo ta daga saman gada, Peter ya harba zarensa na yanar gizo-gizo ya kamo ƙafarta, aka rubuta wani ƙaramin sautin karyewa daf da wuyanta, ya jawo ta sama yana murnar ya cece ta, sai ya tarar rai ya yi halinsa. Masu karatu ba su saba ganin jarumi ya gaza irin wannan gazawa ba.

Rukuni na biyu mafi ƙarfi su ne masoyan shekarun 1980. Suna yabon marubuci Roger Stern da ya ƙirƙiro mugu Hobgoblin a 1983, da baƙar rigar Spider-Man da ta bayyana a 1984, da auren Peter da Mary Jane a 1987, da mugu Venom wanda ya fito sosai a fitowa ta 300 a 1988 da zanen Todd McFarlane. Hujjarsu tana da ƙarfi, domin a nan ma ana ganin mutum yana girma yana ɗaukar nauyin iyali. Shekarun 1994 zuwa 1996 kuwa, da aka kawo wani kwafin Peter mai suna Ben Reilly aka ja labarin har ya gundure mutane, ba na ba sabon mai karatu shawarar ya fara da su, ko da yake akwai waɗanda suka tashi da su kuma suna kare su har gobe.

Abin da ya fi raba kan masoya ya faru a ƙarshen 2007. An harbi May, tana kwance rai a hannun Allah, sai aka sa Peter ya ƙulla yarjejeniya da wani shaiɗani mai suna Mephisto, wanda ya ceci ranta bisa sharaɗin a shafe auren Peter da Mary Jane kamar ba a taɓa ɗaura shi ba. Shugabannin mujallar sun yi imani cewa jarumi marar aure ya fi jan hankalin matasa. Ni ina ganin kuskure ne babba, domin an kwashe shekara 20 na labarin rayuwar mutum an zubar, kuma an sa wanda aka sani da ɗaukar alhakin aikinsa ya guje wa sakamakon abin da ya shuka. Karɓuwar da wata sabuwar mujalla ta daban mai suna Ultimate Spider-Man ta marubuci Jonathan Hickman ta samu a 2024, inda Peter magidanci ne mai mata da 'ya'ya biyu, ta nuna cewa masu wannan ƙorafi ba 'yan kaɗan ba ne.

Shawarata ka fara da fitowa ta 31 zuwa ta 33 na The Amazing Spider-Man. Idan salon maganar shekarun 1960 ya yi maka tsufa, ka nemi Ultimate Spider-Man ta 2000, wadda Brian Michael Bendis da Mark Bagley suka sake gina labarin daga tushe da harshen zamani.

TAMBAYA: Malam, ni uwa ce daga Maraɗi, kuma ɗana ya nace cewa Spider-Man baƙar fata ne. Shin an canza shi ne?

AMSA: Hajiya, yaronki bai yi ƙarya ba, sai dai mutum biyu ne ke amsa sunan. Wanda yake nufi shi ne Miles Morales, ɗan unguwar Brooklyn a birnin New York, mahaifinsa baƙar fatar Amurka, mahaifiyarsa 'yar asalin Puerto Rico. Bendis da mai zane Sara Pichelli ne suka ƙirƙiro shi a 2011, kuma fim ɗin zane na 2018 da ya ci kyautar Oscar ya kai sunansa gidajen da ba a taɓa buɗe mujallar ba. Peter Parker yana nan bai gushe ba, kuma a labaran yanzu su biyun suna aiki a birni guda.