Ko ana iya faɗaɗa muƙamuƙin sama na babba ba tare da tiyata ba?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Ni malamar makaranta ce a Jekadafari, cikin garin Gombe, shekarata 26. Haƙorana na sama sun cushe, fiƙa ɗaya ta hau kan 'yan'uwanta, kuma idan na rufe baki turamen sama na shigewa cikin na ƙasa. An ce mini muƙamuƙina na sama ne ya tsuke, wai da tun ina yarinya ne da an buɗe shi da ƙarfe, yanzu kuwa sai tiyata. Ina tsoron wuƙa ƙwarai. Na kuma ga wata roba da ake tallatawa a TikTok. Ina mafita?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Wanda ya faɗa miki haka bai yi ƙarya ba, sai dai maganar ta ɗan tsufa. A shekarunki akwai yiwuwar a buɗe ƙashin ba tare da an yanka shi ba, amma ba shekarun ne za su yanke hukunci ba, hoton ƙashinki ne.

Muƙamuƙin sama ɓari biyu ne, dama da hagu, sun haɗu a tsakiyar ganɗa kamar ƙwaryar da gyartai ya ɗinke. Ki sa harshe a rufin bakinki, za ki ji wani layi daga gaba zuwa baya. Ɗinkin yana ƙarƙashinsa. A yaro ɗinkin sakwa-sakwa ne, kusan irin yadda kan jariri yake kafin maɗiga ta rufe. Shi ya sa idan aka manna wa ɗan shekara tara ko goma ƙarfe mai noti a turamensa ana murzawa kullum, cikin makonni biyu zuwa uku ɓarin biyun sai su rabu, sabon ƙashi ya cike tsakiya. Dabarar tsohuwa ce: wani likitan haƙori a Amurka, Emerson Angell, ya bayyana ta tun 1860, Andrew Haas kuma ya farfaɗo da ita a 1961.

Bayan balaga, bakunan ɗinkin sukan fara sarƙewa kamar an harɗe yatsu, daga baya su narke su zama ƙashi ɗaya, yawanci daga baya zuwa gaba. Kuma ba ɗinkin kaɗai ke turjiya ba, ƙasusuwan kunci da na gindin kwanya ma sun tokare muƙamuƙin ta gefe. To idan aka sa wa babba irin ƙarfen yara, ƙarfin ba ya tafiya ƙashi, a haƙora yake ƙarewa. Ki ɗauka kamar mai son faɗaɗa gida ne ya ture dirkokin danga waje: daga sama kamar fili ya ƙaru, a ƙasa kuwa ko taki ɗaya ba a samu ba. Haƙori ya karkata, saiwarsa ta matse siririn ƙashin da ke lulluɓe da ita, dasashi ya ja da baya, wani lokaci haƙorin ya fara girgiɗi.

Wannan ita ce matsalata da robar TikTok da ire-irenta. Duk abin da ake cirewa a mayar, haƙora yake turawa, ba ƙashi ba. Ko a Amurka, hukumar kula da abinci da magunguna, FDA, ta fitar da gargaɗi a watan Maris na 2023 kan wasu na'urorin da ake manna wa manya da sunan sake fasalin muƙamuƙi, bayan rahotannin ciwo mai tsanani, zaizayar ƙashi da zubewar haƙora. Batun danna harshe a ganɗa da samari ke yayi don gyaran fuska kuwa, ba zai buɗe ɗinkin da ya sarƙe ba.

Abin da ya sauya lissafi shi ne hanyar da ake kira MARPE, wadda likitocin Koriya ta Kudu suka bayyana a 2010. Maimakon a jingina ƙarfen da haƙora, sai a kafe shi a ƙashin ganɗa da ƙananan kusoshi na titaniyom, galibi guda huɗu, biyu kowane gefen ɗinkin. A kujerar likitan haƙori ake yi, da allurar kashe zafi, ba a sa mutum barci, ba a yanka ƙashi. Sai a ba ki ɗan makulli ki riƙa murza notin a gida. Kowace murzawa ba ta wuce kwatan milimita ba. Za ki ji matsi a karan hanci da kunci, magana ta ɗan sauya na 'yan kwanaki, abinci ya riƙa maƙalewa. Tunda aikinki tsayuwa gaban aji ne, ki daidaita farawa da hutun zango.

Alamar nasara abar dariya ce: wushirya. Ranar da ɗinkin ya saki, giɓi zai bayyana tsakanin haƙoran gaba biyu. A wasu ƙasashe, waɗanda aka yi wa aikin kan ɓoye baki saboda ita, mu nan har kirari ake yi mata. Kada dai ki saba da ita, domin za ta fara rufewa da kanta, wayar gyaran haƙora kuma ta ƙarasa. Bayan an daina murzawa ana barin ƙarfen watanni kamar huɗu zuwa shida har sabon ƙashi ya yi ƙwari, sannan aikin jera haƙora ya ci shekara ɗaya zuwa biyu.

Ba kowa ke dacewa ba. Yawan shekaru na rage sa'a, kuma mata sun fi maza samun buɗewa, wanda hakan ya ɗan karkata wajenki. Kusa na iya kwancewa ko ta lanƙwashe, gefe ɗaya na iya buɗewa fiye da ɗayan, naman ganɗa na iya kumbura idan ba a kula da tsafta ba. Mai ciwon dasashi, mai shan taba, ko mai ciwon suga da bai daidaita ba, sai an fara gyara wannan. Idan an yi ta murzawa wushirya ba ta fito ba, likitan kirki tsayawa yake yi, ba ƙara ƙarfi ba. A nan ne ake komawa tiyatar da kike tsoro, inda likitan tiyatar baki da fuska ke sassauta ƙashin ta cikin baki, ba tabo a fuska, sannan a murza notin kamar yadda aka saba.

Akwai kuma wanda ba ya bukatar ko ɗaya. Idan tsukewar kaɗan ce kuma karkatar haƙora ce ta kawo ta, waya ko robar jera haƙora ta Invisalign a hannun ƙwararre na iya miƙe turame da milimita biyu ko uku lafiya. Yadda kika bayyana naki, da turame na shigewa ciki, ya sa nake zargin ƙashi ne, amma baki sai an gani.

Ki fara da sashen haƙori na Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke nan Gombe, ko na Jami'ar Abubakar Tafawa Balewa a Bauchi, ki nemi a haɗa ki da ƙwararren mai gyaran jerin haƙora. Su 'yan kaɗan ne a Arewa, don haka kada ki yi mamaki idan aka tura ki Kano ko Abuja. Ki nemi hoton CBCT, wanda ke nuna ɗinkin da kaurin ƙashin ganɗa. Da shi ake auna matakin sarƙewa, daga A zuwa E. Ki tambayi likitan sau nawa ya taɓa yin wannan aiki, da abin da zai yi idan bai buɗe ba. Idan kina minshari ko kina kwana da baki buɗe, ki faɗa masa, domin rufin baki shi ne daɓen hanci, kuma yana iya tura ki wajen likitan kunne, hanci da maƙogwaro tukuna. Allah Ya ba da lafiya.