Tambaya da Amsa: An Ɗora Mini Tsara Asambili, Malamai Sun Ƙi Ba Ni Haɗin Kai

TAMBAYA: Assalamu alaikum Hajiya. Ni mataimakiyar malami ce a tsangayar ilimi ta wata jami'a a nan Kano, ina kuma karatun digiri na biyu. Sashenmu ya tura ni wata sakandaren 'yan mata a cikin birni, aka ɗora mini tsara abubuwan da ɗalibai ke gabatarwa a asambilin safe. Kullum 'yan mata uku ko huɗu ne ke fitowa, sauran suna ta surutu a layi. Muna cin lokacin darasin farko, malamai suna jin haushina. Idan na nemi malaman aji su ba ni ɗalibai sai su ce "to", daga nan shiru, kuma duk sun girme ni. Yaya zan yi?
Daga wata mai karatu, Gwale.

AMSA: Wa alaikumus salam, 'yata. Allah ya ba da sa'ar karatu.

Mu fara da malaman nan. Ke baƙuwa ce kuma ƙarama, ba ki da hurumin ba su umarni, saboda haka ki daina bin su ɗaiɗai a ofis. Ki zauna ki rubuta jadawalin zangon gaba ɗaya: kowane mako, ajin da zai fito, malamar ajin, da abin da za a gabatar. Ki kai wa mataimakiyar shugabar makaranta, ki ce, "Ranki ya daɗe, ga ɗan abin da na tsara, a duba a gyara mini." Da zarar ta sa hannu, aka karanta a taron malamai, aka manna a allon sanarwa, takardar ta zama ta makaranta. Naki daga nan tuni ne kawai, cikin ladabi, kwana biyu kafin ranar. Duk ajin da ya fito kuma, ki tabbatar an ambaci sunan malamarsa a lasifika. Na daɗe a aikin koyarwa, ban taɓa ganin malamar da aka yaba wa ajinta a bainar jama'a ta ƙi fitowa karo na gaba ba.

Batun lokaci, malamai suna da gaskiya. Wadda aka ba minti 40 ta koyar da lissafi, aka cinye mata 15, me za ta yi da saura? Bayan addu'a, taken ƙasa, alƙawarin biyayya ga ƙasa da sanarwar shugaba, minti 5 ya ishe ki. Ki ba wata firifet agogo, ta ɗaga hannu idan saura minti ɗaya. Ki kuma tuna da yanayin garinmu. A watan Afrilu rana tana fara cizo tun da hantsi, kuma a cikin layin nan akwai yarinyar da ta fito gida ba ta karya kumallo ba. A azumi ki ƙara ragewa.

Surutun da kike ji kuwa, ina kyautata zaton jawabin ne ba ya shiga kunnensu. Yarinya ta kwafo dogon Turanci daga intanet, ita kanta ba ta san me take karantawa ba, ina ga 'yar aji ɗaya da ke can bayan layi? Ki ba su Kano. A sa wani aji ya kawo tarihin Kasuwar Kurmi da Sarki Muhammadu Rumfa, wanda ya yi mulki daga 1463 zuwa 1499. Wata 'yar unguwar ta je marinar Ƙofar Mata da wani babba na gidansu, ta tambayi marina yadda ake haɗa baba da toka, ta zo ta ba da labari da bakinta. Ranar 27 ga Mayu ta haɗa abu biyu: Ranar Yara ce, kuma a ranar ce aka kafa Jihar Kano a 1967, Audu Baƙo ya zama gwamnanta na farko. Ranar 21 ga Fabrairu ta harshen uwa ce, ki buɗe fagen karin magana da kacici-kacici. Shi ma taken ƙasa yana bukatar rana guda. Tun da aka dawo da na 1960 a watan Mayun 2024, yara da yawa motsa baki kawai suke yi. A rubuta shi a kwali, wata ta bayyana ma'anarsa da Hausa layi-layi.

Ban ce a jingine Turanci ba, WAEC da NECO suna jiran su. Ki fito da su bibbiyu, ɗaya ta faɗa da Turanci, ɗaya ta fassara. Kin ga masu fitowa sun ninka.

Abin da ya fi damuna a wasiƙarki shi ne 'yan matan nan uku ko huɗu. Su sun riga sun iya, da ke da babu ke za su yi magana. Aikinki yana wajen waɗanda ba su taɓa riƙe makirfo ba. Na taɓa samun ɗaliba mai i'ina, ko gaisuwa sai ta sunkuyar da kai. Karin magana guda na ba ta, muka yi ta maimaitawa a lokacin tara har ta zauna mata, ta fito ta faɗa a gaban makaranta ba tare da sarƙewa ba. Zangon da ya biyo baya ita ta zo da kanta ta nemi a ba ta labarai. Irin waɗannan da ƙaramin abu ake fara musu: faɗin kwanan wata, gabatar da mai jawabi, ko jimlar rufewa.

Kada kuma ki bar wata ta hau dandamali ba a gwada ba. A yi gwajin ana gobe, a filin da za a tsaya, da makirfon da za a riƙe, domin su saba da jin muryarsu a lasifika. Ki duba batir da kanki tun da yamma. Ki kuma ja kunnen firifet-firifet tun kafin ranar: duk wadda ta yi wa mai jawabi dariya, ajinsu ne zai fito mako mai zuwa, kuma ita za ta buɗe.